Hawainiyar da Ba Ta Taɓa Shiga Mota Ba

Talata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau na gane. A shagon Mai Ɗinki na gane, ina tsaye da labulen ɗakina a hannu.

Na kai mata ne ta rage masa tsawo, don 'yata ta ce tagogin gidanta ƙanana ne. Muna hira sai ta tambaye ni yadda zan yi da hawainiya a wannan doguwar tafiya. Na ce ai babu damuwa, 'Yar Gayu ta saba da mota. Wata takwas Maigida yana fita da ita duk Talata a motar ƙanena Dogo, yana kai ta wurin likitan dabbobi. Sai ta yi dariya, allura a bakinta, ta ce, "Wace mota kuma? Ai a nan take yini, a kan lemon bayan shago. Ni nake fesa mata ru..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta cire allurar daga bakinta. Ta dube ni, na dube ta. Fanka ce kawai ke juyawa.

Na ce, "To shi ina yake zuwa?"

Ta ce, "Aminiya, zauna."

Ban zauna ba. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da matar nan. Na ajiye labulen a kan kekenta na fito.

Wannan littafin na Maigida ne, wanda yake rubuta ranakun shuka a ciki. Rabinsa babu komai. Rubutuna ba shi da kyau, a aji shida na tsaya. Amma ba ni da wanda zan gaya wa, tunda waɗanda nake gaya wa su ne su.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Na ƙirga a kalanda. Talata talatin da huɗu.

Duk Talata ni nake haɗa masa shayi a fulas. Ya saka hawainiyar a kwali, ya rungume kwalin, ya ce Dogo yana jira a kwana. Ni kuma in tsaya a ƙofa ina yi masa tsiya: "Ƙadangaruwa tana da likita, ni matar gida sai dai man zafi." Ya yi dariya ya ce, "Ba ƙadangaruwa ba ce, ki iya bakinki, tana jin ki."

Da la'asar ya dawo fuska kamar toka, ya ce mota ce ke juya masa kai. Da ya aske kansa ƙwal ya ce zafi ne ya ishe shi. Da wandonsa ya fara zamewa, ni da hannuna na ƙara masa huji a bel, da ƙusa. Huji uku na ƙara cikin wata takwas. Har ina cewa girki na ne ya daina yi masa daɗi.

Da ya faɗi ya rasu a lambun makaranta, wata biyar ke nan, kowa ya ce min abin farat ɗaya ne. Na yarda. Na riƙa gaya wa masu zuwa gaisuwa cewa lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai bai yi ba. Suna zaune suna ji.

Ita kuwa tana can a kejinta a baranda, kore shar, ido ɗaya a kaina ɗaya a kan ƙuda. Ta san komai ita ma.

Alhamis, da azahar

Mai Ɗinki ta ƙwanƙwasa sau uku. Ban buɗe ba.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Dogo ya kawo kwalayen da zan zuba kaya. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na goya har bayana ya yi kanta. Ya shigo da faɗin bakinsa yana cewa, "Yaya, tukwanen nan naki sai an ɗauko tirela."

Na ce, "Wane asibiti ne?"

Ya sauke kwalayen a hankali kamar ƙwai ne a ciki. Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Ka ji fa. Bai ce me kike nufi ba. Wa ya gaya miki.

Na ce, "Duk Talata kana shigowa gidan nan ka ci abincina. Ka wanke hannu, ka ce Yaya sannu da aiki. Da wane baki kake haɗiyewa?"

Ya ce, "Rantsuwa ya sa na yi, Yaya. Mutum yana cikin wannan hali ya kama hannunka ya roƙe ka, me za ka ce masa?"

Na ce, "Ka ce masa yana da mata."

Ya tsaya yana murza makullin motarsa. Namiji ɗan shekara arba'in da biyar, kansa yana taɓa saman ƙofa, yana hawaye a tsakar ɗakina. Ban ba shi haƙuri ba. Na ce ya ja min ƙofa.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Na kira 'Yar Baba. Haka ubanta yake kiranta tun tana rarrafe, ita kaɗai Allah ya ba mu. Nas ce. Ban ma san me ya sa na yi zaton ita ba ta sani ba.

Na ce, "Ke ma?"

Ina jin ƙarar takalman asibiti a bayanta.

Ta ce, "Mama, ni na samo masa likitan."

Ta yi ta bayani. Wai hawan jinina. Wai lokacin da Inna ta rasu na yi wata biyu a kwance. Wai ya ce in na sani zan daina ci, zan daina barci, za a koma jinyar mutum biyu. Wai ya ce shi dai yana so in ya dawo gida ya tarar da gida, kada ya tarar da wani asibitin.

Na ce, "Ni kujera ce a gidan?"

Ta ce, "Mama, don Allah."

Na kashe wayar. Wurinta zan koma da zama. Wurin wa kuma zan je.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Magatakardan makaranta ya aiko da takarda. Gidan na ma'aikata ne, na sani, sun ma yi min kara da suka bar ni har yanzu. Saura kwana goma sha biyar in miƙa makulli.

Sabon mai lambu ya zo da matarsa duba ɗakuna. Mutanen kirki. Matar ta hango keji ta ja da baya ta kama ƙirji, ta ce, "Baba, da wannan abin kike kwana a gida?" Na tuna ni ma haka na yi ranar da Maigida ya shigo da ita a cikin hularsa, shekara huɗu da suka wuce. Yana aske shinge almakashi ya kama ta, ya datse mata yatsun ƙafar baya ɗaya. Kwana uku ya kasa cin abinci saboda haka. Na ce ko ni ko ita. Ya ce, "Ke kina da yatsunki duka." Shi ya sa mata 'Yar Gayu, wai ta fi ni yawan canza kaya.

Mijin ya ce in ina so ya sake ta a lambu, in huta da wahala. Da ƙafa uku da rabi? Kwana ɗaya tsuntsu zai ɗauke ta. Na ce da ita zan tafi.

Awa bakwai a mota. Dabbar da ashe ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga mota ba. Daga baranda zuwa kwana zuwa bayan shago, taku sittin, iyakar duniyar da ta zaga ke nan.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Na ɗauko kwalin Talata daga saman kabad don in gani ko zai yi. Kwalin takalmi ne babba, da huji goma sha biyu a gefe, da reshe da ya soke daga wannan bango zuwa wancan. Na ɗaga tawul ɗin ƙasa in wanke. Akwai takarda a ninke. Rubutunsa ne, da jan biro ɗin da yake sa wa tukwanen fure lamba.

Zan kwafe ta a nan yadda take.

"In za ki tafi da ita:
Kada ki ba ta abinci ana gobe tafiya. Ki fesa wa ganye ruwa sosai ta sha.
Reshen ya zama daidai kamun hannunta, kuma kada ya yi motsi.
Tawul a ƙasa, mai ɗan laima, ko da za ta faɗo.
Ki rufe kwalin ya yi duhu. Ki bar ta rabin awa a ɗaki kafin a tashi, za ta zaci dare ne ta yi barci.
A ƙasa bayan kujerar direba, ki tokare da filo. Ba rana, ba iskar taga, ba rediyo.
In an tsaya, kada a bar ta a mota a rufe.
Kada ki buɗe ki leƙa. Na san ki. Kada ki buɗe. Abin da take gani ne yake tsorata ta. In ba ta ga hanya ba, lafiya za ta isa."

Shi ke nan. Na juya bayan takardar. Fari fat.

In za ki tafi da ita. Ya san zan tafi. Ya san ni kaɗai zan tafi. Ya zauna ya rubuta layi bakwai a kan hawainiya, ni ko rabin layi.

Laraba, ƙarfe shida na safe

In ba ta ga hanya ba, lafiya za ta isa.

Sau nawa na karanta ban sani ba. Ashe haka ya yi da ni. Ya huda min huji goma sha biyu in sha iska, ya shimfiɗa min tawul, ya rufe.

Shekara talatin da ɗaya. Ni na san in ya yi shiru yana sosa kunne ƙarya yake shiryawa, ko ta sayen wani tsiro ce. Wata takwas bai sosa kunne ba ko sau ɗaya. Ya koyi yadda ake yi ke nan.

Ba zan saka ta a duhu ba. Ta ga hanyarta. Kowa ya cancanci ya ga inda ake kai shi.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na yi ɓarna.

Na ce bari in gwada ta da gajeriyar tafiya, in kai ta wurin likitan dabbobin na gaskiya. Na ɗauko ƙaramin kejin waya na tsuntsu, na sa mata reshe. Na tare tasi biyu. Na farko ya leƙo ya ce, "Baba, ko kuɗin duniya za a ba ni in ɗauki wannan, na yafe." Na biyu bai ma tsaya ba. Dole na kira Dogo.

Ya zo ya ga keji ya ce, "Yaya, ina kwalin?"

Na ce, "Tuƙi na kira ka."

Na zauna a gaba, keji a kan cinyata, na sauke gilashi don ta sha iska. Na ce mata duba, ga kasuwa, ga gada, ga duniya. Ko minti biyar ba mu yi ba. Idanunta suka fara juyawa kamar za su fita, wannan yana bin babur, wancan yana bin tirela. Koren ya gudu. Ɗigo-ɗigo baƙaƙe suka fito, suka haɗe, ta zama baƙa wuluk kamar gawayi. Ta kumbura, ta wangale baki, tana huci. Wani ya danna hon a bayanmu, ta saki reshen ta faɗo. Ƙafar nan mai guntayen yatsu tana ta neman abin kamawa a iska.

Dogo ya gangara gefen titi. Ya tsaya, ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓe kejin.

Likitan mace ce, ƙarama, mai tabarau. Na tambaye ta ko ta san dabbar nan. Ta ce yau ta fara ganinta. Na san amsar, ina so ne in ji da kunnena. Ta duba ta, ta ce babu karaya, amma ta firgita ƙwarai, kuma irinsu firgita kaɗai tana iya kashe su. Ta ce, "Mama, wa ya ce ki ɗauko ta a buɗe? Ai kwali ake sa su, a rufe ya yi duhu."

Na ce na ji.

Ta ba mu kwalin magani muka dawo da ita a ciki.

Juma'a, da safe

Ba ta ci ba. Har yanzu launin ƙasa. Tana can ƙasan keji, ba ta hau reshe ba.

Asabar, da safe

Na kamo fara uku a shinge. Ta kalle su ta rufe ido. Maigida ya taɓa ce min in ta rufe ido da rana, to babu lafiya.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Ba ta ci ba, ba ta sha ba. Idanun sun faɗa ciki. Na fesa ruwa ta juya min baya.

Fushina da shi nake yi, ita ta biya. Ita da ba ta yi min alkawarin komai ba.

In ta tafi, babu sauran abin da hannunsa ya raina a tare da ni. Furanninsa na makaranta ne. 'Yarsa tasa ce, ta nuna min.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Mai Ɗinki ta zo. Dogo ne ya gaya mata, har yanzu suna da hanyarsu ta magana a bayana. Ba ta ƙwanƙwasa ba, ta tsaya a bakin baranda da kwalbar fesa ruwa irin ta guga.

Ta ce, "Ba wurinki na zo ba. Matsa."

Na matsa.

Ta taɓa ruwan da nake fesawa ta ce, "Haba! Wannan ai na firji ne. Ke in aka watsa miki shi da sassafe za ki sha?" Ta sa na ɗora ruwa ya yi ɗumi kaɗan. Ba a jikinta ta fesa ba, a ganyen da ke samanta, a hankali, har ya fara ɗiga. Ta ce mu ja baya, kada mu zuba mata ido. Muka zauna a kan kwalayen kaya, kowa yana kallon bango.

Wajen minti ashirin. Sai na ga bakinta yana motsi. Tana lasar ɗigon.

Mai Ɗinki ta ce, "Shi ya koya min. Ranar farko na ce wallahi ba za ta kwana min a ido ba, ya ce yini ne kawai."

Na ce, "Ban tambaye ki ba."

Ta mayar da idonta kan bango. Ni ce kuma na kasa haƙuri. Na ce, "In ya dawo fa?"

Ta ce, "Yakan shigo ta ƙofar baya. Ya kwanta a bencin da nake yanka yadi, awa guda, wani lokaci biyu. Sai ya ce in duba fuskarsa, ta dawo? In na ce ta dawo, ya wanke ido, ya ɗauki kwalinsa."

Awa biyu. Katanga ɗaya. Ina nan ina yanka albasa, ina jin ƙarar kekenta. Da na miƙa wuya ta taga da na ga ƙafafunsa.

Na ce, "Ke kika duba masa fuska."

Ta ce, "Aminiya, sau uku na zo ƙofar nan in gaya miki. Sau uku kina buɗewa kina dariya."

Na ce ta bar kwalbar ta tafi. Ta bari.

Talata, ƙarfe goma na safe

Ta ci gyare ɗaya! Harshen nan ya fita kamar walƙiya. Na juya in kira shi ya gani.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Kore ya dawo, sai ɗan duhu a gefen ciki. Tana hawa reshe.

Na gyara kwalin. Na sauya reshen, tsohon ya bushe yana juyawa. Na yanko sabo daga lemon makaranta, daidai kaurin ɗan yatsana, na soke, na ɗaure bakinsa biyu da salatif. Na girgiza, bai motsa ba. Na wanke tawul. Na toshe hujin sama guda biyu da suke shigo da haske.

A kan hawainiya ya yi gaskiya. Na rubuta, ga shi nan, kada a ce ban da adalci. A kan hawainiya.

Amma ita ba ta da hannun da za ta riƙe masa kai in yana amai. Ni ina da shi. Biyu. Suna nan suna yanka albasa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Motar kaya ta tafi da gado da kabad da tukwane. Gidan yana amsa kuwwa. A bango akwai farin wuri inda kalanda take.

Ban ba ta abinci ba. Ruwa mai ɗumi sau uku, ta sha sosai.

Keken Mai Ɗinki yana ta ƙara ta bayan katanga. Tun azahar takan tsaya, ta ci gaba, ta tsaya.

Talata, ƙarfe shida na yamma, a gidan 'Yar Baba

Mun iso. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Ƙarfe shida na safe na sa hannu a ƙarƙashinta, ta tako da kanta, taku ɗaya tana lilo, taku biyu tana tunani. Na kai ta bakin reshen ta kama. Ta dube ni da ido ɗaya. Na rufe. Na zauna a ƙasa kusa da kwalin rabin awa a ɗakin da babu komai. Sannan na kai wa magatakarda makulli.

Dogo ya wanke motar har ƙarƙashin kujeru. Ya cire turaren da ke rataye a madubi. Ya kawo filo biyu daga gidansa. Na ajiye ta bayan kujerarsa, na tokare, na zauna a baya, ƙafata tana taɓa kwalin. Ya rataya tawul a tagar da rana take.

Shagon Mai Ɗinki a rufe yake da muka wuce. Amma labulen tagarta ya motsa.

Ban taɓa ganin Dogo yana tuƙi haka ba. Mutumin da yake shiga rami kamar yana bin sa da gaba, yau yana zagaye kowane ɗaya. Wata babbar mota ta yi ta danna mana hon, ya fito da hannu ya ce, "Wuce, ɗan gaggawa, mu da sarauniya muke tafe."

Na ce, "Yaushe ka koyi tuƙin mutane?"

Ya ce, "A Talata."

Na zuba wa hanya ido har muka wuce gari biyu.

Awa ta uku ce ta fi wuya. Ba motsi a kwalin. Ko ƙaras. Na ce ta faɗo. Na ce ta mutu tun a gada ina nan ina gadin gawa. Hannuna ya kai kan murfin sau huɗu. Dogo yana kallona ta madubi ya ce, "Yaya."

Na ce, "Na sani."

Na zauna a kan hannuwana kamar yarinya. Sanin abin da ke cikin hanya kai kaɗai, da ɗaukar wani a rufe, ba sauƙi ba ne. Na ji wannan a cikina. Ban ce na yafe ba. Na ce na ji.

A gidan mai na fito da kwalin na tsaya da shi a inuwa, a rungume. Mai zuba mai ya ce, "Baba, ƙwai ne?" Na ce, "Amana ce."

Da muka ci gaba na tambayi Dogo abin da Maigida yake faɗa a hanya, in za su je. Ya ce yawanci maganata. Wai in sun fito daga asibiti sai ya buɗe fulas, ko ba zai iya sha ba, ya shaƙi ƙamshin shayin. Sauran Dogo ne yake shanyewa don in ga fulas babu komai.

Na ce, "Har shayina."

Ya ce, "Sukari yana yi miki yawa, Yaya."

Dariya ta kufce min. Na ji haushin kaina.

Da muka tsaya a ƙofar gidan ya buɗe aljihun gaban mota ya ciro wani babban ambulan mai ruwan ƙasa, ya yi laushi don daɗewa. Ya ce takardun asibitin ne duka, tun daga na farko. Ya ce, "Bai ce in ba ki ba. Bai kuma ce kada in ba ki ba." Na karɓa.

'Yar Baba ta fito da gudu ta buɗe hannu. Na ce, "A hankali, tana barci." Na wuce ta da kwalin. Ta riga ta kafa keji a barandar baya, da ganye, da komai, yadda ubanta yake yi. Wato har wannan sun tattauna.

Na buɗe murfin kaɗan-kaɗan. Tana kan reshenta, ta nannaɗe wutsiya, fara-fara kamar yadda take in tana barci. Ta buɗe ido ɗaya. Ta buɗe ɗayan. Ta tako hannuna. Tana da ɗumi.

Awa bakwai da minti ashirin. Ba ta san an yi ba.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Ta sha ruwa. Ta ɗan yi duhu, wurin baƙo ne. Ta zaga kejin sau biyu.

'Yar Baba ta kawo min shayi kafin ta tafi aiki. Ta tsaya a ƙofa da kayan asibitinta. Ta ce, "Mama, duk ranar da kike so, zan zauna in gaya miki komai. Daga farko."

Na ce za ta makara.

Tafiyarta irin tasa ce. Ban taɓa lura ba sai da na ga bayanta.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Kore shar. Fara biyu da ƙuda. Ta zaɓi reshen da take so, na can sama, inda take hango titi. Motoci suna wucewa tana bin su da ido, ba ta canza launi ba. In ƙafarta tana kan abin da ba ya motsi, ashe tana iya kallon komai.

Na mayar da takardarsa ƙarƙashin tawul, na ɗora kwalin a saman kabad.

Ambulan yana ƙarƙashin katifa, ban buɗe ba. Ban zauna da 'Yar Baba ba. Tagar ɗakin nan babu labule, rana tana shigowa tun ƙarfe shida. Labulen yana can wurin Mai Ɗinki, kuma ban kira ta ba tukuna.